Darasi: Mai Koya Wa Yara Ƙwallo A Ƙauye

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi an kai hatsi rumbu, yaranmu sukan sami lokaci da yawa. Ko mun so ko mun ƙi, za su buga ƙwallo. Gara a sami babba guda daga cikin ƙungiya wanda zai tsaya a kansu. Aikin sa kai ne, babu albashi. Ba sai wanda ya taɓa buga wa babban kulob ba. Mutum mai haƙuri muke nema, wanda iyaye suka san halinsa, wanda kuma ba ya dukan yara.

Aikinsa na fari shi ne fili. Yawancin filayenmu gonaki ne da aka girbe. Akwai tushiyar dawa, da tsidau, da fasassun kwalabe, da ramukan ɓera. Kafin a fara wasa, ya jera yaran su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, suna tsincewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama yawancinsu ba su da takalmi. Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda a asibiti ake kira tetanus, tana zama cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga jiki. Idan abu ya soki yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai shi ɗakin shan magani a duba maganar allura. Kada a sa toka ko ƙasa a kan ciwon. Turakun gola kuwa a kafa su da zurfi, a hana yara lilo a jikinsu.

Sai maganar rana. A watan Maris da Afrilu kada a yi wasa da tsaka rana. A bari sai la'asar sakaliya. A kawo ruwa a jarka, a riƙa tsayar da wasa yara su sha. Waɗansu suna cewa hana yaro ruwa yana ƙara masa juriya. Mu dai ba mu yarda ba. Galabaita shi kawai yake yi. Yaron da ke da sikila, ko fuka, ko wanda zazzaɓi ya sake shi jiya, dole mai koyarwa ya sani. Saboda haka ya zaga gidaje ya tambayi iyaye tun da wuri. Da damina kuma, da zarar an ji tsawa a bar fili, a shiga gini, ba gindin itace ba. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Kai ya fi ƙafa haɗari. A shekarar 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka. A 2020 ta Ingila ma ta hana koya wa 'yan firamare haka a wurin horo. Mu ma mu bi wannan. Idan yara biyu suka yi karo, ɗaya ya ce yana jin jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ya gama wasa ke nan a ranar, ko da shi ne gwanin ƙauye. Za a yi ta ihu a mai da shi. Mai koyarwa ya toshe kunne, ya sa a kai yaron asibiti.

Ku lura da wannan ƙwarai. Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana karawa da Angola, ba wanda ya taɓa shi, ya rasu. A 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka nan, zuciyarsa ta tsaya, amma aka danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Ya rayu, har ya koma wasa a 2022. Na'urar ba mu da ita a ƙauye, amma muna da hannu. Idan yaro ya faɗi ba karo, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti guda, wani kuma ya ruga neman mota da ma'aikacin lafiya. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa cokali a bakinsa. Ƙungiya ta roƙi ma'aikacin lafiya na yankinku ya zo ya gwada muku yadda ake yi, gama ba a koyonsa da karatu kaɗai.

Akwai wata magana da ba mu cika son yi ba. Mai koyarwa kada ya keɓe da yaro shi kaɗai, a ɗaki ko a hanya. Kullum a sami babba na biyu a fili, idan kuwa akwai 'yan mata, a sami mace. Wannan kariya ce ga yara, kariya ce kuma ga sunansa. Idan baƙo ya zo ya ce zai kai yaro Turai in an biya kuɗi, kada iyaye su sayar da sa ko gona. A kawo maganar gaban ƙungiya tukuna.

A taronku na wannan wata, ku zaɓi mutum biyu, ku ware kuɗi kaɗan daga asusu don sabulu, da bandeji, da jarka, da usur. Ƙananan yara a saya musu ƙwallo mai lamba 4, gama mai lamba 5 ta manya ce.