Kin San Kimiyya? Ga Yadda Za Ki Isar da Ita Ga Jama'a

Ƙanwata, kin tuna watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta ɓulla a Legas? Cikin dare ɗaya saƙon waya ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka tashi da asuba suna dafa ruwa, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Jita-jitar ta yi gudu ne saboda gajera ce, kuma da harshen gida ta zo. Ke da kika karanta lafiya, haka ya kamata gaskiyarki ta fito.

1. Ɗauki saƙo ɗaya tak. Misali, yaro mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, kowane cokali a shafe bakinsa.

2. Fara gwadawa a gida. Yi wa Inna bayani. In ta maimaita miki daidai, kin dace. In ta ce "me kika ce?", sauƙaƙa kalmominki.

3. A rediyo, ki maimaita. Mai sauraro yana tuƙi ko tana girki, kuma abin da ya wuce kunne ya wuce. Faɗi ma'aunin a farko, a tsakiya, a ƙarshe.

4. A WhatsApp, tura saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba. Faɗi sunanki da aikinki da ranar da kika naɗa, domin saƙon zai kai hannun waɗanda ba su san ki ba.

5. A bidiyon Facebook ko TikTok, bari hannu ya yi magana. Kusanto da waya, a ga cokali, a ga kina shafe sukarin da yatsa, a ga kina juyawa har ya narke. Gani ya kori ji.

6. A jarida, kamar Aminiya, nan ne wurin dalili. Bayyana cewa sukari ne ke taimaka wa hanji ya tsotse gishiri, ruwa kuma ya bi su, shi ya sa ake haɗa su, kuma gishiri in ya yi yawa yana cutarwa.

7. Nemi bakin da ake ji. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi. Shigowar sarakuna da malamai ta taimaka ƙwarai wajen dawo da yarda, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Ke ma ki kai wa mai unguwa da ungozoma saƙonki.

Gobe da safe, kafin ki fita aiki, naɗi saƙon muryar nan ki tura wa Inna. In ta gane, sai ki sake shi zuwa zauren dangi.