“Farar Roba” Ba Suna Ba Ne: Tsokaci a Kan Robar Fulorin da Ire-irenta

Gabatarwa

A Hausa, kalmar “roba” tana ɗaukar kaya da yawa. Danƙon taya roba ne, bokiti roba ne, takalmi ma haka. Wannan muƙala za ta yi tsokaci a kan robar da ake sassaƙa kayan inji da ita, domin nuna cewa ƙarancin suna kan jawo asara.

Mafarin nazarin

A garinmu Kagarko, kamar sauran kudancin Jihar Kaduna, citta ce babbar amfanin gona. Kawuna yana da injin jan ruwa da ake wanke citta da shi. Wata kaka bushin ɗinsa ya cinye, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki. Ya aike ni in sa a sassaƙa sabo da “farar roba”, aka kuwa yi. Cikin 'yan kwanaki zoben ya kumbura ya riƙe sandar, aiki ya tsaya ga citta jibge. Da na kai wa wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe a Kafanchan, ya ɗaga zoben a tafin hannu ya ce, “Ɗana, wannan nailan ne, ruwa yake sha. Teflon kake nema, kuma shi ma iri-iri ne.” Duka biyun farare ne, amma Teflon ya kusa ninka nailan nauyi.

Asali da siffofi

Sunansa na kimiyya a taƙaice PTFE. Roy Plunkett na kamfanin DuPont a Amurka ne ya gano shi ba da niyya ba a 1938, yana binciken iskar sanyaya firiji. An yi rajistar sunan Teflon a 1945. Ƙwayoyin kabon ne jere kamar sarƙa, fulorin ya lulluɓe su ya riƙe gam. Daga nan siffofinsa suka fito:

1. Santsi: kusan babu abin da ke manne masa.
2. Jure zafi: yana aiki har digiri 260 a ma'aunin Salshiyos, sai a 327 yake narkewa.
3. Ba ya shan ruwa, asid da yawancin sinadarai ba sa cin sa.
4. Ba ya wuce da lantarki.

Aibinsa shi ne laushi. Idan nauyi ya daɗe a kansa sai ya baje a hankali. Kuma ko ya narke ba ya kwarara, saboda haka garinsa ake matsewa a gasa ya zama sanda ko faranti, sannan a sassaƙa. Zafi na buɗa shi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, don haka gwani kan bari ya huce kafin ya auna.

Ire-irensa

Akwai zalla, wanda ba a haɗa shi da komai ba, da shi ake kayan injinan abinci da magunguna. Sauran an gauraya su ne don rage bajewa. Mai zaren gilashi, galibi kashi 15 ko 25 cikin ɗari, yana jure matsi amma yana goge sandar da ƙarfenta ke da laushi. Mai tagulla, kashi 40 ko 60, yana ɗaukar nauyi, sai dai asid na cin tagullar. Mai kabon da girafait, irin baƙin cikin fensir, shi ya dace da aikin cikin ruwa. Shi aka sa wa injin kawuna, ya kuma kai mu ƙarshen kaka lafiya.

Yana da 'yan'uwa. FEP da PFA ana iya narka su a zuba a mazubi. PVDF ya fi tauri, amma iyakarsa wajen digiri 150. PCTFE kuwa a wuraren tsananin sanyi ake amfani da shi. Da waɗannan ake yin washa da gasket da mazaunin bawul a matatun mai da masana'antu. Farin tef ɗin masu gyaran famfo da rufin kaskon da abinci ba ya kamawa, duk PTFE ne. A kula: ƙona ɓarɓashinsa na fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi.

Batun suna

Hanyoyin samar da sababbin kalmomi sun haɗa da aro da kwaskwarima, faɗaɗa ma'ana, da kuma bayyana siffa. Ina ba da shawarar “robar fulorin” ga dangin baki ɗaya, “robar santsi” ga PTFE, sannan “zalla” da “gauraye” ga manyan kasonsa biyu, a bi da sunan mahaɗin: gauraye mai tagulla, gauraye mai kabon. Suna bisa launi shi ya yaudare mu, suna bisa hali ne zai amfani mai saye.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa ba zai iya raɗa wa abu suna ba sai ya san halinsa. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu riƙa shiga garejin kanikawa da rumfunan masu sassaƙar ƙarfe da littafi a hannu, mu tattara kalmomin da suke amfani da su, mu cike inda ke da giɓi. Allah ya sa mu dace.