Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Kwamfutata Ke Barci Idan Na Rufe Murfinta?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: yana amfani da Ubuntu, amma duk lokacin da ya rufe murfin kwamfutarsa yana tsaka da sauke manyan fayiloli, sai aikin ya tsaya. Ina mafita?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ke sa haka wani shiri ne mai suna systemd-logind, wanda Ubuntu ke amfani da shi tun 2013. Shi ke lura da wanda ya shiga kwamfutar da wanda ya fita, kuma shi ke yanke abin da za a yi idan an danna maɓallin wuta ko an rufe murfi.

Dokokinsa suna cikin fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf. Ka buɗe shi da izinin mai gudanarwa, ka nemi layin HandleLidSwitch. A asali an saita shi a kan suspend, wato barci. Ka goge alamar # da ke farkon layin, ka mayar da suspend ɗin zuwa ignore, ka adana, sannan ka sake kunna kwamfutar. Idan kana son hakan ya yi aiki lokacin da take kan caji kawai, layin HandleLidSwitchExternalPower za ka gyara.

Amma a kula: kada ka cusa ta cikin jaka alhali tana aiki. Iska ba za ta shiga ba, zafi zai taru, batir kuma zai ƙare. Rigakafi ya fi magani.