Neman Labarin Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa a Intanet

Sa'anda likita ya ce da mutum, "Akwai ƙari a ƙwaƙwalwarka," hankalin gida duka yakan tashi. Likita yana bayani, amma kunne ba ya riƙe kome saboda tsoro. In dare ya yi, sai ɗa ko mata ta ɗauki waya ta shiga intanet tana neman abin da bakinta ya kasa tambaya da rana. Intanet kuwa kamar kasuwa take. Akwai mai hatsi mai kyau, akwai mai gauraya shi da tsakuwa. Darasinmu na wannan wata domin mu koyi rarrabewa ne.

1. Ku san sunan ciwon tukuna

Ƙarin ƙwaƙwalwa ya fi iri 100. Wani a cikin kai yake tsirowa, wani kuwa daga huhu ko nono yake tasowa ya bi jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jerinsu a 2021, ana kuwa ba su mataki daga 1 zuwa 4. Wanda ake kira meningioma yana tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawancinsa ba daji ba ne, girmansa a hankali yake. Glioblastoma kuwa mataki na 4 ne, mai saurin girma. Hoton MRI yakan nuna ƙarin, amma ba a tabbatar da irinsa sai an ɗebi kaɗan an duba a ɗakin gwaji.

Domin wannan, ku roƙi likita ya rubuta muku sunan ciwon da matakinsa a takarda. Wanda ya yi bincike ba tare da sunan nan ba, zai karanta labarin ciwon wani, ya kwana yana kuka a kan abin da ba nasa ba.

2. Ku tambayi shafin kamar baƙo

Matambayi ba ya ɓata. Kowane shafi kuka buɗe, ku yi masa tambaya huɗu. Wa ya rubuta? Yaushe aka rubuta? Daga ina ya samo maganarsa? Yana sayar da wani abu ne?

Shafuffukan da suka cancanci amincewa sukan bayyana sunansu da ranar da aka duba rubutun. Cikinsu akwai na Hukumar Lafiya ta Duniya, da na hukumar lafiya ta Ingila, watau NHS, da na Cancer Research UK, da na cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka wadda aka kafa a 1937. Yawancinsu da Turanci suke. Sai a sami ɗaya a gida mai jin Turanci sosai, ya karanta a hankali, ya fassara ba ƙari ba ragi. Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, su ma sukan yi kuskure, ba su kuwa ga hoton kan majiyyacinku ba.

3. Ramin ƙarya ƙurarre ne

Wata mace a Ostiraliya, Belle Gibson, ta yi suna a intanet tana cewa ta yi maganin ciwon dajin ƙwaƙwalwarta da abinci da magungunan gargajiya. Dubban mutane suka bi ta, ta sayar da manhaja da littafin girki. A 2015 ta amsa da bakinta ba ta taɓa yin ciwon ba. A 2017 kotu ta ci ta tarar dalar Ostiraliya 410,000. Amma wa zai mayar wa marasa lafiyan da suka gaskata ta kwanakin da suka ɓata?

Alamun irin wannan a bayyane suke: magani ɗaya mai warkar da kowace cuta, da cewa likitoci suna ɓoye gaskiya, da "aiko kuɗi yau." Wanda ya ce ku bar asibiti, ku bar shi.

4. Yadda za a karanta lissafi

Wannan shi ne wurin da zuciya take karyewa. A 2005 aka buga wani babban bincike a kan masu glioblastoma. Waɗanda aka yi wa gashi na mako 6 tare da ƙwayar temozolomide, tsakiyar kwanakinsu ya kai wajen wata 15. Ma'anarsa, rabinsu ba su kai ba, rabinsu kuwa sun wuce. Wajen ɗaya cikin huɗu suna da rai bayan shekara 2. Lissafi labarin taro ne. Shekarun mutum, da ƙarfin jikinsa, da yawan abin da aka cire a tiyata, da halin ƙarin kansa, duk suna sāke al'amarin. Kada kuwa ku tilasta wa mara lafiya jin lissafin da bai nema ba. Ku tambaye shi iyakar abin da yake so ya sani.

5. Abin da mai jinya zai riƙe

Ana yawan ba da dexamethasone domin rage kumburin ƙwaƙwalwa. Kada a tsayar da shi farat ɗaya sai da izinin likita, yakan kuma ta da sukarin jini. In farfaɗiya ta kama shi, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada ku danne shi, kada ku sa kome a bakinsa. In jijjigar ta lafa, ku kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, sai asibiti nan da nan. Haka kuma in ciwon kai ya tsananta da amai, ko barci ya yi nauyi har tashinsa ya yi wuya.

Wani lokaci halinsa yakan sāke, ya yi fushi ko mantuwa. Ciwon ne, kada ku riƙe shi a zuci. Mai jinya kuma mutum ne, yana bukatar barci da mai canjinsa. 'Yan'uwa masu zuwa gaisuwa, kwana ɗaya na jinya ko kwanon abinci ya fi bidiyo goma da za ku tura a WhatsApp.

Abin da kuka karanta duka, ku rubuta shi a littafi ku kai wa likita, har da kowane sassaƙe ko garin magani da aka kawo muku, gama waɗansu ba su jituwa da maganin asibiti.

Tambayoyi

1. Don me ya kamata a san sunan ciwon kafin a yi bincike?
2. Waɗanne tambayoyi huɗu za a yi wa kowane shafi?
3. Mene ne ma'anar "tsakiyar kwanaki wata 15"?
4. Wane mai jinya ne a unguwarku za ku iya hutar da shi a wannan mako?