Laƙabi Ba Ya Sauya Asali: Jan Hankali Ga Masu Rubuta Tamfilet a C++

'Yan'uwa masu rubuta manhaja da C++, akwai matsalar da nake yawan gani idan ina duba aikin matasan da muke aiki tare, kuma takan cinye wa mutum yini guda a banza. Zai rubuta tamfilet, ya yi wa wani dogon nau'i laƙabi da using, ya kira aikin da ke cikinsa, sai kwamfaila ta zubo masa saƙonnin kuskure marasa kai da gindi.

Tushen abin shi ne kwamfaila tana duba tamfilet sau biyu. A karon farko ba ta san abin da T, wato nau'in da tamfilet ɗin ke karɓa, zai zama ba. Sai an yi amfani da shi da nau'i na zahiri take sani. Saboda haka sunan da ya dogara da T, idan nau'i ne ko tamfilet, kai ne za ka gaya mata ko mene ne.

Idan m nau'insa T ne, ka rubuta m.get<0>(), za ta ɗauki alamar < a matsayin "ƙasa da", tamkar lissafi kake yi. Daidai shi ne m.template get<0>(). Masu amfani da laburaren Eigen wajen lissafin matiriks sun san wannan, domin a cikin tamfilet dole su rubuta m.template triangularView<Upper>().

Laƙabi ne ya fi ruɗar da mutane. Tun C++11 ana iya yin laƙabin da shi kansa tamfilet ne, abin da typedef ba ya iyawa. Alheri ne babba, yana rage tsawon rubutu. Amma using Abu = typename T::value_type bai haifi sabon nau'i ba, suna kawai ya sauya. Abu yana nan rataye da T, don haka kiran aikin tamfilet a kansa yana buƙatar kalmar template kamar da. C++20 ya yafe typename a irin wannan layi, amma bai yafe template wajen kira ba.

Haka batun gado yake. Idan ajinka ya gaji Uwa<T>, kwamfaila ba ta leƙa cikin uwar a karon farko. Sai ka rubuta this->aiki() kafin ta gano shi. GCC ta tsaurara wannan doka tun fitowar 3.4 a 2004, kwamfailar Microsoft kuwa sai a Visual Studio 2017 ta kawo ta, ƙarƙashin /permissive-. Shi ya sa tsohon aiki kan tafi lafiya a Windows, ya ƙi tafiya a Linux.

Roƙona gare ku: kafin ku kira aiki a cikin tamfilet, ku bi laƙabin har asalinsa, ku ga ko ya dogara da T. Ku riƙa gwada aikinku da GCC da Clang duka biyun. Manya kuma, don Allah ku koya wa na ƙasa dalilin dokar. Wanda aka miƙa wa gyara kawai gobe ma zai dawo da tambayar.