Tattasai Mai Tsabta Shi Ke Zuwa Nesa

Ƴan'uwa manoma, darasinmu na yau a kan tattasai da barkono ne. A jihar Difa, bakin kogin Komadugu Yobe, tattasai babban arziki ne. Ana noma shi da injin ban ruwa, a shanya shi, a ɗura a buhu, a kai shi kasuwannin Najeriya. Amma kasuwar nesa tana da sharuɗɗa. Noma mai kyau kaɗai ba ya isa.

Ina haɗarin yake?

Da yawa daga cikinmu muna shanya tattasai a ƙasa. Rairayi da kashin bisashe suna shiga ciki. Wasu kuma sukan yayyafa masa ruwa lokacin ɗuri don kada ya kakkarye. To, danshi shi ke kawo fumfuna. Wata irin fumfuna tana haifar da guba mai suna afulatokisin. Ido ba ya ganin wannan guba, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Idan ana cinta yau da gobe, tana lalata hanta, har ta kai ga ciwon daji. Masu saye na ƙasashen Turai suna auna kayan yaji kafin su karɓa. In gubar ta wuce ƙa'ida, sai a maido kayan, wahalar shekara ta tashi a banza.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu tsinke wanda ya nuna sarai, mu fid da ruɓaɓɓe da wanda tsutsa ta huda.
2. Mu shanya a kan tabarma mai tsabta, ko a kan gadon kara da aka ɗaga sama. Akwai kuma akwatin shanya da ake rufewa da leda mai haske: zafin rana yana shiga, iska tana ratsawa, ƙura da kaji ba su kai gare shi.
3. Mu riƙa juya shi, mu rufe shi da dare saboda raɓa.
4. Kada mu ɗura sai ya bushe ƙayau, ƴaƴan ciki suna kacau-kacau in an girgiza.
5. Mu jera buhuna bisa katako, nesa da bango, cikin ɗakin da ba ya yoyo.

Abin koyi daga Kamaru

A garin Penja na ƙasar Kamaru ana noma farin masoro mai ƙanshi. Manoman wurin sun haɗa kai cikin ƙungiya, sun rubuta ƙa'idojin noma da wanki da shanya, kowa ya bi. A shekarar 2013 aka yi wa sunan masoronsu rajista, ta yadda ba wanda zai sayar da wani masoro da sunan Penja. A 2022 Tarayyar Turai ita ma ta amince da sunan. Farashi ya tashi, domin mai saye ya san abin da yake saye.

Mu lura: ƙa'idojin nan a rubuce suke, awo da ciniki ma a rubuce. Ga amfanin karatunmu ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kai wannan magana gaban ƙungiyarmu tun tattasai bai nuna ba.

Tambayoyi

1. Me ke kawo fumfuna a tattasai?
2. Yaya za mu gane ya bushe?
3. Wace ƙa'ida ƙungiyarku za ta fara rubutawa?