Ginin Tukwane Yana Maganin Damuwa?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ta ji likitoci a Turai suna sa masu fama da damuwa ginin tukwane, shin magani ne?

To, Malama, yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin ganin likita. A Ingila, wani mai zane, Adrian Hill, shi ya fara yayata jinya ta hanyar sana'ar hannu a 1942, bayan ya yi fama da tarin fuka.

Sirrin ginin tukwane yana cikin yumɓun kansa, domin ba ya karɓar gaggawa. Sai an jiƙa shi, an tsince tsakuwa, an kwaɓa har ya yi laushi. A gina, a bar tukunyar ta bushe a inuwa kwana da kwanaki. Wadda aka sa a wuta da sauran danshi, fashewa za ta yi. Hannu biyu suna cikin laka, ba halin latsa waya, hankali kuma dole ya tattaru kan kaurin bakin tukunya, sai tunanin da ke ta kai-komo ya lafa.

Ba sai kin je Turai ba. Duba bayan takardar naira 20, Ladi Kwali ce, ƙwararriyar maginiya da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja a 1954. Nemi magina mafi kusa da ke, ki fara da ƙaramin kasko. Idan damuwar ta daɗe, ki je asibiti.